Badung, Ƙanin Babana

Badung ƙanin babana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mu 'ya'yan gidan muna ce masa Baba Badung, har zuwa ranar da na daina kiransa da kowane suna. Ni ce Yael, 'yar farin Malam Fredrick, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa mai ba da labarin nan ba masoyiyarsa ba ce.

A wani ƙauye da ke bayan Bukuru aka haife su, babana ya girme shi da shekara huɗu. Babana ya riƙe karatu a makarantar mishan har ya zama malamin firamare. Badung kuwa daga aji uku ya gudu ya bi masu wankin kuza, da sana'ar ta mutu ya shigo Jos da ƙafa. A kasuwar Katako ya tsaya, a rumfar wani Alhaji Datti, wanda kakansa ya zo garin tun zamanin da Turawa ke haƙar kuza. Da dako ya fara, yana sauke itace daga manyan motocin da ke zuwa daga kudu, daga baya aka sa shi a kan injin tsaga katako. Sama da shekara ashirin ya yi a gaban injin nan. Injin ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu, ƙarar kuma ta toshe masa kunne ɗaya, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai an ji shi a gida na uku. Kullum kansa fari fat da dusar katako. Ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Yakan shinshina itace ya ce wannan madaci ne, wancan malaina ce da ba ta gama bushewa ba, kafintoci kuma sukan zauna jiransa har ya dawo daga inda ya je, don ba su yarda wani ya yanka musu ba.

Inda yake zuwa kuma kowa ya sani. Gidan burkutu ne. Ya taɓa aure sau ɗaya, matar ta yi shekara uku ta tattara kayanta ta koma gidansu, ba haihuwa tsakaninsu. Tun daga nan tukunyar mamata Suzana ce ke ciyar da shi. Muna unguwar Laranto a lokacin, ɗakinsa na kusa da namu. Zai shigo da yamma yana tangaɗi, ya zauna a kan turmi, ya shanye kwanon gwate, yana ba mu labarin da ba kai ba gindi, muna dariya. Babana ba ya sha, ba ya ɗaga murya, shi ke koyar da makarantar Lahadi. Sau nawa ya je ya ɗauko ƙaninsa daga bakin kwata ya wanke shi da hannunsa. In mamata ta yi magana sai ya ce, “Suzana, ɗan'uwana ne. Ba ni da wani.”

Bayan rikicin Satumba na 2001 muka bar Laranto, kamar yadda mutane da yawa suka sake unguwa a lokacin. Muka kama hayar ɗaki biyu kusa da Tina Junction, inda babana ke da ɗan fili. A hankali ya riƙa ɗora bulo, har a watan Maris na 2003 gini ya kai rufi. Yana so a sa kwano kafin ruwan Afrilu.

Ranar wata Asabar ya tafi Katako ɗauko katakon rufi. Badung ne ya zaɓa masa, ya yanka, aka loda a a-kori-kurar Alhaji Datti. Direban motar ya tafi suna gidan surukansa, Alhaji kuma ya tafi sallar la'asar, ya bar makulli a rataye. Badung ya ce zai je neman igiya. Ya yi kusan awa ɗaya, ya dawo da igiyar da ba ta isa ba, yana wari. Waɗanda ke wurin sun ce babana ya roƙe shi su jira direba ko su bari sai Litinin. Badung ya yi dariya ya ce shi ya fi direban sanin motar. Ba shi da lasin. Babana ya hau baya don ya riƙe katakon da igiya ba ta kama ba.

A gangaren da ke kafin Tina Junction Badung ya zo wuce wani ɗan acaɓa da gudu, ya ga tifa na tahowa, ya murɗe sitiyari. Motar ta faɗa kwata ta kife. Lodin duka ya sauka a kan babana. Tsakanin wurin da gidanmu bai kai tafiyar minti biyar ba, don haka mamata ta isa tun ana ɗaga katakon ɗaya bayan ɗaya. Ni ina kwalejin horon malamai, shekarata ashirin, sai washegari aka zo aka ɗauke ni. Badung ƙujewa kawai ya samu a goshi.

Ya yi wata biyar a tsare. Mamata ta so a kai maganar ƙarshe a kotu, amma dattawan dangi suka taru daga ƙauye suka ce ba za a rasa 'yan'uwa biyu a shekara ɗaya ba. Ba wanda ya tambaye mu. A watan Agusta aka sake shi.

Mun zaci zai koma ƙauye ya ɓuya, ko ya bar jihar gaba ɗaya. Lahadin farko sai ga shi a cocinmu, cocin da babana ya yi wa hidima, ya rame, rigarsa na masa yawa. Dattawan ikilisiya suka sa shi a horo nan take: bencin baya, ba karɓar gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, ba magana a taro. Ya tafi bencin bayan ya zauna. Amma da aka ɗauki waƙa ya buɗe bakin nan nasa, muryarsa ta danne ta kowa. Na ga mamata a layin zumuntar mata ta rufe baki ta zauna, matan da ke gefenta ma suka zauna.

Da aka tashi ya tare ta a bakin ƙofa, ya durƙusa a kan tsakuwa.

“Maman Yael, ni na kashe Fredrick,” ya ce, kowa na ji. “Ba mota ba ce, ba tifa ba ce. Na sha, ya hana ni, na ƙi. Ki gafarta mini.”

Mamata ta dube shi kamar yadda ake duban abin da kare ya bari a hanya. Ta kewaye shi ta wuce.

Akwai wani dattijon ikilisiya, Baba Fabian, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, aminin babana. Shi ya tsaya a kansa.

“Tashi daga nan,” ya ce. “Ka ɗauki jinin ɗan'uwanka, ka zo kana wa mutane ihu da sunan waƙa. Ba ka san Allah ya juya maka baya ba?”

Badung ya juyo da kunnensa mai ji. Baba Fabian ya maimaita.

“A'a, Baba,” ya ce. “Wannan kam bai yi ba.”

“Me ka ce?”

“Duk abin da kuka ce na yi, na yi. Amma bai juya mini baya ba. A can kurkuku na daina cin abinci kwana goma sha ɗaya, ina so in mutu. Ina kwance ina jira ya tafi ya bar ni, don in ni ne shi da tuni na tafi. Bai tafi ba. Yana ƙaunata, Baba. Yadda yake ƙaunata kafin in taɓa makullin nan, haka yake ƙaunata yau.”

Wata mata ta tofar da yawu. Wani saurayi daga ƙungiyar mawaƙa ya yi kansa, sai da aka riƙe shi. Ni kuwa a ranar na san mece ce ƙiyayya. Da ya zo yana kuka yana cewa shi ɗan wuta ne, wataƙila da wani abu ya yi sanyi a cikina. Amma mutumin da ya sa babana a rami ya tsaya a gaban jama'a yana cewa ana ƙaunarsa, wannan ban iya haɗiye shi ba.

Haka aka shiga shekaru. Ya zo gidanmu da guduma da ƙusa zai rufa ginin da babana ya bari, mamata ta watsa masa ruwan wanke-wanke, ta ce gara ruwan sama ya rushe bangon da hannunsa ya taɓa shi. Sai da ginin ya sha damina biyu kafin 'yan'uwanta suka rufa mana. Yaran unguwa suka sa masa suna Direba, in zai wuce suna kwaikwayon ƙarar birki. Masu shago a Tina Junction sukan ajiye masa canjinsa a kan tebur don kada hannu ya haɗu. A coci ba mai zama a bencinsa. In an ce a gaisa da juna, yakan miƙa hannu ya bar shi a miƙe, sannan ya mayar aljihu.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne bai ma daina sha nan da nan ba. Zai yi wata biyu, wata uku garau, sai a ji an tsince shi a bayan tashar mota a Laranto. Bayan Kirsimeti na 2004 a cikin baro aka kai shi ɗakinsa. Lahadi na zuwa sai ga shi a bencin baya da kumburarren ido. Baba Fabian ya sa aka kira shi gaban dattawa, abin da aka yi a ciki kuwa kafin yamma ya zaga unguwa. Sun tambaye shi ko har yanzu yana nan a kan maganarsa. Ya ce ya faɗi, kuma yana jin kunya, amma in ƙaunar Allah tana jiran Badung ya gyaru ne kafin ta fara, to ba za ta taɓa farawa ba. Ya ce Yesu bai tambaye shi ko zai daina sha ba kafin ya hau gicciye. Baba Fabian ya ce wannan ba bangaskiya ba ce, rashin kunya ne da aka sa wa rigar coci. Ya ce mai irin wannan tunani zai sake kashe wani ya zo ya yi waƙa. Na yarda da Baba Fabian ɗari bisa ɗari.

A farkon 2005 na shirya na tafi Katako, duk da cewa a lokacin mutanenmu ba su cika son shiga can ba. Na je ne in ga Alhaji Datti in tambaye shi dalilin da ya sa yake riƙe da mai kisan kai a rumfarsa. Na same shi a kan benci da carbi a hannu, dogon mutum mai furfura a gemu. Ya gane ni, don na ɗauko fuskar babana. Ya sa aka kawo mini ruwa, ban sha ba. Na faɗi abin da ya kawo ni.

“'Yata, sau biyu na kore shi,” ya ce. “Sai in zo da safe in tarar ya share rumfa ya zauna a waje. Makulli dai ba zai ƙara gani ba har abada. Ni ma ina da nawa laifin, da na bar shi a rataye.” Ya ja carbinsa. “Amma in gaya miki gaskiya, ni ma maganarsa tana damuna. Mu mun san Allah mai rahama ne, sai dai bawa tsakanin tsoro da fata yake zama. Shi wannan ya ce ya tabbata. Na ce masa, Badung, wa ya ba ka takarda? Ya ce ba takarda, shi dai ya sani.”

Ana haka aka kashe inji, sai ga Badung ya fito yana karkaɗe kai. Da ya gan ni ya tsaya cak.

“'Yata,” ya ce.

“Ni ba 'yarka ba ce.”

“To, Yael.”

“Na ji kana yawo kana cewa Allah na ƙaunarka. Babana fa? Shi da bai taɓa kai kwalba bakinsa ba, shi da ya yi ta wanke ka kamar jariri? Shi ba a ƙaunarsa ne aka bar ka ka danne shi da katako?”

 Ya dubi ƙasa.

“Ana ƙaunarsa,” ya ce. “Fredrick na wurinsa yanzu. Ban san yadda zan haɗa miki biyun ba, ni ba mai karatu ba ne. Da an tambaye ni, da ni aka ɗauka. Ba ina cewa na fi shi ba, Yael. Ban kai takalminsa ba. Cewa nake ko ni ma ba a yar da ni ba.”

“Ya kamata a yar da kai.”

“Ya kamata,” ya ce. “Amma ba a yi ba.”

Akwai guntun katako a kusa da ƙafata. Na ɗauka na jefe shi, ya same shi a kafaɗa. Bai kare ba, bai matsa ba. Alhaji Datti ya miƙe ya ce in zo ya raka ni bakin titi, ya tare mini mota da kansa.

A cikin shekarar nan ne ya daina sha, wannan karon har ƙarshe. Ba wanda ya yaba masa. Mamata ta ce ya makara da shekara biyu.

Na yi aure a watan Disamba na 2006. Mijina Chollom ma'aikacin jinya ne. A al'ada ƙanin uba ne ke tsayawa a matsayin uba, shi ke karɓar dangin miji, shi ke miƙa amarya. Mamata ta ce in Badung ya sa ƙafa a coci ranar, ita za ta fita. Yayanta ne ya miƙa ni. Da muka fito ana ɗaukar hoto, na hango shi a tsallaken titi ƙarƙashin wani mangwaro, cikin kwat ɗin aro da hannayenta suka wuce nasa. Abokan ango suka je suka ce ya tafi. Ya ce titi na gwamnati ne, kuma ba zai tsallako ba. Na tattare farar rigata na tsallaka da kaina, Chollom na kirana.

“Me kake nema a nan?”

“Na zo in gani ne kawai. Fredrick zai so wani nasa ya gani.”

“Kada ka ƙara kiran sunansa. Dalilinka ne ba ya nan.”

“Haka ne,” ya ce. “Allah ya sa albarka a gidanki.”

“Ba na son albarkarka.”

“Ai ba tawa ba ce.”

Na ce masa in bai tafi ba zan sa a kira 'yan sanda. Ya juya ya tafi a hankali, ya bi hanyar Laranto da ƙafa. Duk hotunan da aka ɗauka bayan nan fuskata a murtuke take.

A 2007 aka kawo sabon fasto, matashi, ya duba maganar ya ce ba a ajiye mutum a horo shekara huɗu bayan ya tuba ya kuma bar abin. Dattawa suka rabu biyu, Baba Fabian ya ajiye muƙaminsa. Ranar da aka ba Badung Jibin Ubangiji ina wurin. Ya karɓi gurasar da hannun nan mai yatsu uku, hawaye na bin gemunsa. Mamata ta tashi ta fita. Daga makon da ya biyo baya ta koma halartar sujadar Turanci ta safe, ita da ba ta jin Turanci, don kawai kada su sha daga tire ɗaya.

Rikicin Nuwamba na 2008 ya zo, wuta ta ci kasuwar Katako, rumfar Alhaji Datti da injin suka tafi. Alhaji ya kwashe iyalinsa zuwa Bauci na wani lokaci. Badung ya koma faskaren itace a gidajen masu abinci, yana kwana a wani shago da ba a gama ginawa ba. Ba a daɗe ba cikinsa ya fara kumbura, idanunsa suka yi rawaya. Giyar da ya bari ta riga ta gama da hantarsa.

Chollom ne ya dawo daga aiki wata rana a watan Yuni na 2009 ya ce mini, “An kwantar da ƙanin babanki a ɗakinmu na asibiti. Ba zai tashi ba.” Na ce ina ruwana.  Amma kwana biyu abin na cina, kuma ba tausayi ba ne. So nake in ga fuskarsa yanzu da mutuwa ta zo kusa. Na ce a raina, cika baki na mai lafiya ne, yanzu zai san abin da ke jiransa, ni kuma ina so in kasance a wurin lokacin da zai sani.

Na je da rana, lokacin ziyara. Kowane gado da 'yan'uwa da kwanukan abinci, nasa ba kowa. Ya zama ƙashi da fata, ban da cikin da ya yi tulu. Muryar nan ma ta tafi, sai na sunkuya kafin in ji shi. Ban gaishe shi ba. Na ja kujera zuwa wajen kunnensa mai ji, na faɗa masa duk abin da na tara. Na gaya masa yadda mamata ta riƙa sayar da zannuwanta, yadda ƙanina ya bar makaranta ya koma acaɓa, yadda aka rufe akwatin babana aka hana mu ganin fuskarsa saboda yadda ta zama. Na gaya masa cewa ɗana na fari ba zai taɓa sanin kakansa ba. Ban rage komai ba. Matar da ke jinyar mijinta a gado na kusa ta ce, “Haba baiwar Allah,” na ce ta yi harkarta.

Ya saurara har na gama, hawaye na gangara cikin kunnensa.

“Duk gaskiya ne,” ya ce. “Akwai ma wanda ba ki sani ba. Da motar ta kife, bai mutu nan take ba. Na ji yana kirana. Ni kuwa na kasa tsayuwa da ƙafata saboda abin da na sha. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.”

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Na miƙe tsaye.

“Kuma ba ka jin tsoro? Za ka je ka tsaya a gaban Allah da wannan?”

“Ya ji lokacin da Fredrick ke kirana. Yana wurin. Ba labari zan kai masa ba.” Ya numfasa da ƙyar. “Ina jin kunya, Yael. Kunyar haɗuwa da yayana ta fi ciwon nan. Amma tsoro, a'a. Ya san ni sarai, bai kuma sake ni ba. Ba zai sake ni a bakin ƙofa ba.”

“Ban yafe maka ba.”

“Na sani. Na so ki yafe, don ke, kayan sun yi miki nauyi. Amma ba dole. Ke ma haka yake ƙaunarki, da fushin naki duka.”

Na ce masa ya rufe bakinsa. Na ɗauki jakata na fita. A barandar asibitin na tsaya har Chollom ya zo ya same ni. Abin da na je nema ban samu ba.

Ya mutu bayan kwana huɗu, da hantsi. Chollom ya ce yana ƙoƙarin yin waƙa ne, sauti ba ya fita.

Dangi suka ce a kai shi ƙauye a sa shi kusa da yayansa. Mamata ta ce in aka yi haka za ta sa a tone mijinta. Aka yi ta jayayya kwana uku, daga ƙarshe aka binne shi a maƙabartar gari. Mutanen da suka zo ba su kai ashirin ba: fasto, 'yan ikilisiya kaɗan, kafintoci biyar ko shida, da Alhaji Datti wanda ya tsaya daga nesa da hannuwansa a baya. Baba Fabian bai zo ba. Ni ma ban yi niyya ba, Chollom ne ya ce ba kyau a ce ba jininsa ko ɗaya a wurin.

Kafin a zuba ƙasa fasto ya tambaya ko akwai wani daga iyali da zai yi magana. Kowa ya juyo gare ni. Ban shirya komai ba, amma na matsa gaba.

“Wannan mutumin shi ya kashe babana,” na ce. “Ya rayu shekara shida bayan haka yana cewa Allah na ƙaunarsa, a kan haka kuma ya mutu. Na yi shekara shida ina neman wanda zai tabbatar mini ƙarya yake yi. Na tambayi dattawa, na tambayi fastoci, na yi addu'a a kai. Ban samu ba. Abin da zan faɗa ke nan.”

Ba wanda ya ce amin. Fasto ya yi gyaran murya ya rufe da addu'a, kafintocin suka karɓi shebur daga hannun masu haƙa suka gama aikin da kansu.

Daga can na wuce gidan mamata. Na same ta a tsakar gida tana tsince acca a faifai. Ba ta ɗago ba.

“An gama?” ta ce.

“An gama.”

“Matar Fabian ta kira ni. An ce kin yi magana a bakin kabari.”

“Na yi.”

“Kin yafe masa ke nan.”

“Ban ce haka ba, Mama.”

Ta ci gaba da ture tsakuwa da yatsa. Can ta ce in shiga ciki in wanke ƙafata, na kwaso jar ƙasa. Na shiga na wanke, na fito na ɗauki faifai na biyu, muka ci gaba da tsinta har hadari ya haɗu muka kwashe zuwa ɗaki.